TikTok ko status: wanne ya fi kawo ciniki ga mai ƙaramar sana'a a nan arewacin Kamaru?

Maman_Nabila_Garwa:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida nan Garwa wajen Yelwa, sai 'yar atamfa da nake sarowa in an samu hali. Cinikina duk a status ne sai matan unguwa da masu biki. To ɗan yayana da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya zo hutu ya tasa ni gaba wai Goggo an bar ki a baya, ki buɗe TikTok ki buɗe YouTube, har da wani abu wai podkas da blog, wai da haka ne mutanen Yawunde da Duwala za su san da ke. Ni kuma forfe ɗin ma, wato megan da nake saye, da ƙyar yake kai ni ƙarshen sati, ga maigida ya ce duk abin da zan yi in yi amma fuska ba za ta fita ba. Waɗanda suka gwada ku faɗa min tsakani da Allah, abin nan yana kawo kuɗi ko kallo ne kawai da ƙona mega?

Abba_Kilishi_Ndere:
Wslm Hajiya. Yana kawowa wlh, ni shaida ne. Amma ba yadda yaran nan suke zato ba. Ni ba rawa nake ba ba barkwanci, wayata nake jinginawa in ɗauki yadda ake yanyana naman, a shanya shi a asabari, a tsoma a labu, a gasa. Shi ke nan. Mutanenmu da ke Briketeri a Yawunde da na New Bell a Duwala su ne suka fi nema, mutum ya gani yawunsa ya tsinke ya tuna gida. Ina sa musu a jirgin ƙasa ko in kai ajans, wato tashar motocin safa. Abu ɗaya dai, a TikTok ba a gama ciniki, can ganin ki kawai za a yi, magana ta gaske sai a WhatsApp. Don haka lambarki ta kasance a rubuce a jikin kowane bidiyo, da sunan gari. Kuma turare ai ba ya buƙatar fuska, hannu da kasko da hayaƙi sun wadatar.

Fanne_Kuseri:
Malam Abba kai kilishi ne, ido yana ci kafin baki. Turare fa? Ƙamshi ake saye kuma waya ba ta da hanci 😂

Abba_Kilishi_Ndere:
To ai kilishin ma ba a ɗanɗana shi ta waya Fanne

Fanne_Kuseri:
Haka ne kam. Amma bari in faɗa wa Maman Nabila abin da ba wanda zai faɗa mata. In kika yi bidiyo da Hausa zalla, yawancin masu kallon 'yan Najeriya ne, Kano, Kaduna, Maiduguri, don su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Za ki ga kallo ya hau ki yi ta murna, komen ya cika da nawa ne nawa ne, kina cewa jaka biyar sai su ce ki faɗa da naira, kina juyawa sai shiru. Tun da naira ta faɗi a 2023 kayanmu na sefa sun yi musu tsada, su ne ma yanzu suke kawo mana kaya da araha. Ni lalle da dilka nake yi, sai da na koma haɗa Larabcin Chadi da ɗan Faransanci sannan matan Njamena suka fara tsallako gadar Ngeli suna zuwa. Ke a Garwa in ba ki sa Fulatanci ba kin bar rabin kasuwa a waje.

Hamma_Yero88:
Rabi ma kaɗan kika ce Adda. A Garwa da Marwa har wanda ba Bafulatani ba da Fulatanci yake ciniki a kasuwa. Shawarata ta yi magana da Fulatanci, rubutun da ke kan bidiyon kuma da Faransanci saboda 'yan kudu da ma'aikatan da aka turo nan. Hausa ta bar ta a status.

DanBorno_Marwa:
A'a Hamma kar ku raina kallon 'yan Najeriya. Mubi da Yola ai ba nisa, kuma akwai 'yan kasuwa da suke shigowa kullum. Turaren da aka haɗa irin na Chadi da Barno yana da daraja a wajensu, mace mai shirin aurar da 'ya ba ta duba canji. Ba kowa zai saya ba amma wadda za ta saya da yawa za ta ɗiba.

Fanne_Kuseri:
Da yawa za ta ɗiba in kayan sun wuce duwan, wato kwastan, lafiya. Wa zai biya na hanya? Wannan lissafin fa shi ne

IT_Sadou:
Bari in ɗan warware wasu abubuwa don na ga ana haɗa su wuri ɗaya. Status ɗinki ba kowa ke gani ba, sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ke nan status ba ya kawo baƙo, tsofaffin kwastomomi yake tunatarwa. TikTok da bidiyoyin Facebook su ne suke kai ki gaban wanda bai taɓa jin sunanki ba. Shi ya sa ba a cewa wanne ya fi, aikinsu daban. Abin da zan ce ki fara yi yau yau shi ne ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki a katalog da hoto da farashi, duk wanda ya tambaya ki tura masa ba sai kin yi ta maimaita magana ba. Akwai kuma brodkas, saƙo ɗaya zuwa mutum 256, amma shi ma sai wanda ya ajiye lambarki zai samu. YouTube kuwa in don kuɗin talla ne yaron yake faɗa miki ki manta da shi tukuna, don kafin su fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12. Mai turare ba wannan ne gabanta ba.

Maman_Nabila_Garwa:
Kai ngd sosai Malam Sadou, wlh ban san status ba ya zuwa wa wanda bai ajiye lambata ba. Ashe shi ya sa kullum mutanen nan dai su ne su ne. To shi podkas ɗin fa da blog?

Alh_Mai_Albasa:
Hajiya ni ban san sunansa podkas ba sai da yarana suka faɗa min, amma na daɗe ina yi. Duk ranar kasuwa nakan yi vokal, wato saƙon murya, a gurup, in faɗi yadda buhun albasa ya kwana a Marwa, ko kaya sun shigo da yawa, ko akwai motar da za ta sauka kudu. Mutanena da yawa ba sa karatu, wasu ajami kaɗai suka iya, amma kowa yana da kunne. Mu mutanen rediyo ne tun iyaye, BBC da safe, RFI, Jamus da rana. Kuma murya ba ta cin mega kamar bidiyo, ko rezo, wato netwok, ya yi rauni tana shiga. Direba yana tuƙi yana ji, mace tana girki tana ji. Daga vokal ɗin nan na samu dillalai a Duwala da har yau ban taɓa ganin fuskarsu ba.

IT_Sadou:
Alhaji ranka ya daɗe wannan ai ya fi podkas ɗin da ake sawa a Spotify amfani a nan. Wa zai buɗe Spotify a Mokolo don jin farashin albasa? Ka riƙe abinka.

Zee_collection:
Ni dai blog ɓata lokaci ne. Waye yake karatu yanzu fisabilillahi, rubutu ya wuce layi uku an wuce

Prof_Bouba:
Zee ba haka ba ne gaba ɗaya. Bidiyon TikTok kwana kaɗan yake yi ya nutse, rubutu kuma yana nan, wanda ya nema a Google bayan shekara zai iya faɗowa kansa. Sai dai gaskiya ya danganta da sana'a. Mai sayar da sola ko maganin dabbobi ko mai koyar da ɗinki, shi rubutu zai amfane shi don mutane suna da tambayoyi, wane batir ya dace da firiza, yaushe ake yi wa shanu rigakafi. Mai turare kuwa dogon rubutu a shafin Facebook ya ishe ta, ba sai ta buɗe wani gida daban ba. Misali ta rubuta yadda ake gane sandal mai kyau da wanda aka yi wa haɗi, ko me ya sa wata humrar take canza ƙamshi in ta daɗe. Wadda ta karanta ta ƙaru, gobe in za ta saya wajenki za ta zo don ta ga kin san abin.

Zee_collection:
Wato ta tona sirrin sana'arta kowa ya koya ke nan Prof 🙄

Prof_Bouba:
Ban ce ta faɗi ma'aunin haɗinta ba. Na ce ta koya wa mai saye gane kaya, ba haɗa kaya ba.

Achta_Njamena:
Sannunku 'yan Kamaru. Maganar ko bidiyo yana sayar da kaya, ku dubi shebe namu kawai. Garin gyaran gashi ne da matan Chadi suka gada tun kakanni, a kasuwa ake auna shi ba wanda ya damu. Bidiyoyin YouTube ne suka nuna dogon gashin matan da ke shafa shi, yanzu ga shi ana sayar da shi a Amurka da Faransa cikin kwalabe masu kyau da tsada, har da man karkar. Abin haushin ma waɗanda suka iya kyamara da kwali su suka fi cin ribar, ba matan da suke dakawa ba. Don haka Maman Nabila ki yi, kar ki tsaya wata ta ɗauki irin kayanki ta yi suna da su.
Amma ga gargaɗi daga wadda ta gani. A nan an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019, sama da shekara, sai da VPN ake shiga kuma ga tsadar intanet. Masu ciniki a waya sun ji jiki. Tun daga lokacin duk kwastoma ina rubuta sunanta da lambarta da abin da ta saya a littafi, na takarda. In an rufe gobe zan kira su ɗaya bayan ɗaya.

Hamma_Yero88:
Mu ma an yi a nan, 2017 aka yanke intanet wata uku a yankin masu Turancin Ingilishi. Bai zo arewa ba amma littafin nan shawara ce mai kyau. Ba ma sai gwamnati ba, akawun ɗinka kawai za a sace ko a rufe ka wayi gari ba mabiyi ko ɗaya.

Ustaz_Nuhu_G:
Assalamu alaikum. Ni abin da zan ƙara, 'yar uwa ki kiyaye abu biyu. Na farko maganar maigidanki, ya yi daidai kuma ba ta hana ki komai ba. Kar wani ya ce miki sai da kiɗa da rawa kaya suke fita. Na biyu filta. Atamfa ta fito a waya jawur tana ƙyalli, a kai wa mutum ya ga kalar ta kwanta, wannan algus ne ko da waya ce ta yi. Manzon Allah SAW ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Haka masu biyan ƙawaye su zo komen suna Anti na saya ya yi kyau alhali ba su saya ba.

Zee_collection:
Malam ba kullum filta ba ne fa, wani lokacin wayar ce take canza kala da kanta, musamman in da kwan fitila aka ɗauka

IT_Sadou:
Gaskiyar Zee. Maganinsa a ɗauka da hasken rana, a inuwa, da safe ko bayan la'asar, kar a tsakar rana don rana tana wanke kala. A goge gilashin kyamarar da gefen zane kafin a fara, rabin bidiyoyin da kuke gani dishi-dishi maiƙon hannu ne ba laifin waya ba. A riƙe wayar a tsaye. Kuma gajere, daƙiƙa 20 ko 30 sun isa, daƙiƙun farko su ne komai, in kika fara da doguwar gaisuwa an wuce ki. Fara da hayaƙin yana tashi daga kasko sai gaisuwa ta biyo. Manhajar CapCut ta ishe ki yanka bidiyo da rubuta lamba. Don mega kuma ki ɗauki da yawa rana ɗaya ki ajiye, ki riƙa ɗorawa da forfe na dare.

Moussa_moto_Garwa:
Da dare in akwai wuta ko? 😂 Ku bari watan Maris ya zo ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, ga zafi ga ɗauke wuta, wayar ma sai ta ce ta yi zafi ba za ta ɗauki bidiyo ba

DanBorno_Marwa:
Ku da kuke kusa da dam ɗin kuna kuka mu a Marwa mu ce me

Abba_Kilishi_Ndere:
Ku dawo Ngaundere ku sha iska ku ci kilishi na gaske

DanBorno_Marwa:
Na gaske? Malam Abba kar ka ja mu wannan faɗan, kowa ya san inda rana take busar da nama da kyau

Admin_Kawu:
Jama'a a koma kan tambayar baiwar Allah. Faɗan kilishi a buɗe masa nasa zaren.

Moussa_moto_Garwa:
Afuwan Kawu. To ni ga tawa gudummawar a matsayin wanda yake kai kayan. Mata da yawa da suke talla a waya ni nake kai musu saƙo cikin gari, kuma abin da yake kashe su ba rashin kwastoma ba ne. Mutum ya ce a kawo Rumde Ajiya, in je in yi ta kira waya a kashe, ko ya fito ya ce ai ba haka ya gani ba, a dawo da kaya kuma kuɗin mai ya tafi. Hajiya ki sa doka tun farko, kuɗin moto, wato na babur, a turo kafin a fito. Na nesa kuma kafin alƙalami ko rabi ne kafin ki je ajans.

Hadja_Djaratou:
Moussa ka taɓo inda yake min ciwo. Ku yi hankali da saƙon ƙarya. Wani zai turo miki mesaj sak irin na Orange Money ko MoMo wai kuɗi sun shigo, har ya kira yana gaggawa wai motar za ta tashi ki yi sauri. Kar ki yarda da mesaj ko hoton mesaj, ki shiga ki duba asusunki da kanki. Wani kuma ya ce ya tura fiye da kuɗin bisa kuskure ki mayar masa da ragowar, alhali ko dala bai tura ba. Sannan ki faɗa tun farko wa zai biya kuɗin cirewa, don tun da aka ƙara harajin 0.2 cikin ɗari a 2022 kan turawa da cirewa, ga kuma na kamfani, in ba ki lissafa ba ribar kwalba ɗaya a nan take narkewa.
Kuma wani abu da ba a faɗa, ranar da kika fara fita a TikTok dangi za su ɗauka kin yi kuɗi. Masu a ba ni bashi zuwa ƙarshen wata sai sun fi masu saye yawa 😩

Fanne_Kuseri:
Wlh Hajja kamar a gidanmu kike. Ga masu cewa kar ki nuna kaya da yawa saboda baki

Ustaz_Nuhu_G:
A yi azkar na safe da yamma a ci gaba da nema. Mai shago a kasuwa ma ai a fili yake baza kayansa.

Zee_collection:
Tambaya, akwai wanda ya taɓa biyan masu barkwancin nan su yi masa talla? Ni na ba wani kuɗi da turmi ɗaya, bidiyon ya yi kallo sosai amma duk komen a kansa ne da matar da suka yi wasan tare, kayana ko kallo. Mutum biyu uku suka tambaya suka ɓace.

Abba_Kilishi_Ndere:
Masu bin sa dariya suka zo yi ba sayayya ba, kuma yawanci samari ne marasa ko sisi. Da mai kwalliyar amare kika ba ko mai lalle irin Fanne, mabiyanta ko ba su da yawa duk masu shirin biki ne.

IT_Sadou:
Ko kuma ki biya Facebook ɗin kai tsaye, a nan za ki zaɓi gari da shekaru, ki ce mata kawai a Garwa da kewaye, ba zai kai wa ɗan Kano ba. Matsalar dai in bidiyon bai yi kyau ba kuɗin ma ba zai gyara shi ba. Masu shago kuma ku sa shagonku a Google Maps kyauta ne, baƙin da suka zo gari da shi suke nema, lokacin kofin Afirka da aka buga a Garwa a 2022 ai kun ga yadda baƙi suke yawo da waya a hannu suna neman wajen cin abinci.

Alh_Mai_Albasa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Turare abin amana ne, mace ba ta sayen humra wajen wadda ba ta sani ba sai wata ta ce mata na gwada. Ki bi matan da suka riga suka saya, ki roƙe su su yi miki vokal ko su sa a nasu status, ki ɗan ƙara musu kwalba ƙarama. Wannan ya fi mabiya dubu.

Achta_Njamena:
Alhaji da girmanka amma da haka aka tsaya da shebe bai bar kasuwar Dembe ba

Maman_Nabila_Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta duka har na sa Nabila ta kwafe min wasu a littafi. YouTube da blog na ajiye su gefe tukuna. Katalog ɗin zan sa yaron ya yi min kafin ya koma makaranta, TikTok kuma zan gwada da hannu da kasko yadda Malam Abba ya ce, in ga ko Fulatancina zai shiga 😅 Maganar vokal ta Alhaji ma ta kwanta min, sai dai ban sani ba ko maigida zai yarda murya ta fita. Sauran tambaya ɗaya, in sa farashi a jikin bidiyon ko in ce a zo inbos? Don masu irin sana'ata suna gani za su rage nasu.

Zee_collection:
Kar ki sa. Ki bari su zo ki ja su da magana

Abba_Kilishi_Ndere:
Ki sa Hajiya. Ni da na ga an rubuta inbos wucewa nake, sai in ga kamar za a duba hotona ne a yanka min farashi. Kuma yana rage miki masu nawa ne nawa ne da Fanne ta faɗa.

Hadja_Djaratou:
Ki sa na ƙaramar kwalba kawai ki ce daga kaza, na amare da na sari a yi magana. Amma ni abin da nake so masu aikawa kudu su faɗa min, yaya kuke naɗe kwalaben humra ba sa tsiyaya a mota? Na ƙarshe da na tura Yawunde kwalin ya isa yana ƙamshi kwalba biyu babu komai ciki.

Moussa_moto_Garwa:
Leda a bakin kwalbar kafin a murɗa murfi, sai salatif, sai ki cusa tsumma ko jarida tsakaninsu kar su haɗu. Kuma ki tsaya a ajans ɗin ki ga inda aka sa kwalin, in ba haka ba buhun Alhaji Mai Albasa za a ɗora a kai